Sharhi: Sunan Jami'a Ko Fannin Karatu, Wanne Ke Ciyar Da Gida?

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Maris zuwa farkon watan Mayu, gidaje da dama a nan Amurka kan kwana cikin zullumi. A waɗannan makonni ne manyan jami'o'i kan sanar da ɗaliban da ke kammala sakandare ko sun sami gurbin karatu, kana yawancinsu sun tsayar da ranar 1 ga watan Mayu domin kowane ɗalibi ya faɗi inda ya zaɓa. Wannan zullumi ya daɗe da shiga gidajen Hausawa mazauna ƙasar, kama daga mutanen zangunan Ghana da ke unguwar Bronx ta birnin New York, har ya zuwa 'yan Nijar da ke garin Greensboro a jihar North Carolina, domin kuwa yaran da aka haifa a nan, ko aka zo da su a goye, sun kai munzalin shiga jami'a.

A irin wannan lokaci ne wani dattijo, wanda ya shafe shekaru fiye da ashirin yana tuƙin tasi, ya tare ni bayan sallar Juma'a da takardu biyu a hannunsa. Jami'o'i biyu ne suka ɗauki 'yarsa. Ta farko mai zaman kanta ce, sunanta kuma ya kai har gida, amma ko bayan rangwamen da ta yi sai an ciwo bashin dubban daloli a kowace shekara. Ta biyu kuwa ta gwamnati ce, a cikin gari, kuma tallafin da yarinyar ta samu ya kusa biyan kuɗin karatun baki ɗaya. Ya ce da ni, "Malam, ni ban yi boko ba. Amma na san in na buga waya gida na ambaci sunan ta farkon nan, kowa zai san ban yi zaman banza a ƙasar nan ba. To, wacce za ta fi yi wa yarinyar nan amfani?" Na ce, "Alhaji, ita me take so ta karanta?" Sai ya yi shiru, domin bai taɓa tambayarta ba.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, ga akasarin iyalai irin namu, abin da yaro ya karanta, da ko ya kammala karatun, da yawan bashin da ya fito da shi, su ne ke yanke hukunci a kan makomarsa fiye da sunan da ke rubuce a saman takardar digirinsa. Sunan jami'a yana da nasa amfanin, to amma amfanin nasa a wasu ƙofofi ƙalilan yake, kuma bai kai a jinginar da rayuwar gida dominsa ba.

Ko shakka babu, ba a banza mutane ke ruguguwar manyan jami'o'in ba. Daga cikin alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka, takwas sun yi karatun lauya ne ko dai a Harvard ko a Yale. Amy Coney Barrett, wadda aka naɗa a shekarar 2020, ita kaɗai ce ta fito daga wata jami'a dabam, watau Notre Dame. Wani bincike da masana tattalin arziki Raj Chetty da David Deming da John Friedman suka fitar a shekarar 2023 ya dubi jami'o'i 12, watau takwas ɗin nan da ake yi wa laƙabi da Ivy League, haɗe da Stanford da MIT da Duke da Chicago. Waɗanda suka halarci waɗannan jami'o'i ba su kai rabin kashi ɗaya daga cikin ɗari na Amurkawa ba, amma su ne kimanin rubu'in 'yan majalisar dattawan ƙasar, kuma su ne fiye da kashi 10 daga cikin ɗari na shugabannin manyan kamfanoni 500. Ƙaunar wannan suna ce ta haifar da abin kunyar shekarar 2019, sa'ad da hukumomi suka bankaɗo yadda wasu attajirai suka biya wani dillali mai suna Rick Singer kuɗin da jimlarsu ta kai kimanin dala miliyan 25, domin a yi wa 'ya'yansu maguɗin jarrabawa ko a shigar da su jami'a a matsayin 'yan wasan da ba su taɓa zama ba. Wasu daga cikin iyayen, har da fitattun 'yan wasan fim, sun kwana a gidan yari.

To, amma fa akwai tambayar da ya kamata a yi kafin a yanke hukunci. Shin jami'ar ce ta mayar da ɗalibanta abin da suka zama, ko kuwa tun farko haziƙai da 'ya'yan masu hali ta tsince? Jami'ar da ke ɗaukar mutum uku ko huɗu daga cikin ɗari na masu nema, kamar yadda Harvard ta yi a shekarun baya-bayan nan, ai ko ba ta koyar da kome ba, ɗalibanta za su yi fice. Manomin da ya zaɓe irin da ya fi kowanne kyau bai kamata ya jingina dukkan albarkar kakarsa ga ƙasar gonarsa ba.

Masana biyu, Stacy Dale da Alan Krueger na Jami'ar Princeton, wanda daga baya ya shugabanci majalisar masu ba Shugaba Obama shawara kan tattalin arziki, sun samo dabarar warware wannan ƙulli. Sun bi sawun ɗaliban da suka shiga jami'a a shekarar 1976, suka duba abin da suke samu bayan kimanin shekaru ashirin. Maimakon su kwatanta kowa da kowa, sai suka kwatanta ɗaliban da jami'o'i iri ɗaya suka ɗauka, amma wasu suka tafi mai babban suna, wasu kuma suka zaɓi wadda ba ta kai ta ba. Sakamakon, wanda aka buga a shekarar 2002, ya ba mutane da yawa mamaki: albashin ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne. Watau ƙwazo da himmar da suka sa babbar jami'a ta ɗauki yaro suna tare da shi duk inda ya tafi. Bayan wasu shekaru masanan sun sake binciken, suka haɗa da waɗanda suka shiga jami'a a shekarar 1989, kuma amsar ba ta sauya ba.

Sai dai kuma akwai wani ɓangare na wannan bincike da ya shafe mu kai tsaye, wanda sau da yawa akan manta da ambatonsa. Masanan sun gano cewa ga 'ya'yan marasa ƙarfi, da baƙaƙen fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da kuma waɗanda iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba, shiga babbar jami'a yana ƙara abin da suke samu. Dalilin da akan bayar a fili yake. Ɗan babban lauya yana da wanda zai buga waya dominsa ko wace makaranta ya halarta. Ɗan direban tasi kuwa ba shi da kowa a waɗannan ofisoshi, saboda haka abokan karatu da malamai da tsofaffin ɗaliban jami'ar su ne ke zame masa dangin da bai gada ba.

Binciken Chetty da abokan aikinsa ya ƙara fito da wannan hoto. Sun dubi 'yan jiran tsammani, watau ɗaliban da manyan jami'o'in suka ajiye a jerin jira, daga baya aka kira wasu aka bar wasu. A matsakaicin abin da suke samu, bambancin da ke tsakanin waɗanda aka kira da waɗanda suka tafi manyan jami'o'in jihohi ba shi da yawa. A can ƙololuwa ne tazarar ta fito: shiga ɗaya daga cikin jami'o'in 12 ya ƙara damar mutum ta shiga sahun kashi ɗaya daga cikin ɗari mafiya samu da kimanin rabi, ya kusa ninka damarsa ta samun gurbi a fitattun makarantun gaba da digiri, ya kuma ninka damarsa ta aiki a wasu fitattun kamfanoni kusan sau uku. Har ila yau binciken ya nuna cewa ɗan attajiri ya fi ɗan matsakaicin gida damar halartar waɗannan jami'o'i fiye da ninki biyu ko da makin jarrabawarsu ɗaya ne, saboda fifikon da akan ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da 'yan wasanni da makamantansu. Abin da za a fahimta a nan shi ne, mai burin kujerar alƙalin Kotun Ƙoli ko manyan bankunan Wall Street yana da dalilin damuwa da suna. Mai burin aiki mai kyau da rufin asiri kuwa, hanyoyinsa suna da yawa.

Idan muka juya ga fannin karatu, sai mu tarar da tazarar da ta fi wannan faɗi nesa ba kusa ba. A shekarar 2015 wata cibiyar bincike ta Jami'ar Georgetown da ke birnin Washington ta fitar da rahoto a kan abin da masu digirin farko ke samu gwargwadon abin da suka karanta. Matsakaicin albashin wanda ya karanta injiniyancin man fetur ya kai dala 136,000 a shekara, na wanda ya karanta koyar da ƙananan yara kuwa dala 39,000. Rahoton ya ƙiyasta cewa a tsawon rayuwar aiki, tazarar da ke tsakanin fannoni mafiya albashi da na ƙasa ta kai dala miliyan 3.4, alhali tazarar da ke tsakanin mai digiri da wanda ya tsaya a sakandare kimanin dala miliyan ɗaya ce. Ashe ke nan zaɓen fanni na iya fin shawarar shiga jami'ar kanta nauyi. Ma'aikaciyar jinya da ta fito daga jami'ar jiha, jarrabawar lasisi ɗaya za ta zauna da wadda ta fito daga jami'a mai tsada, kuma majinyaci ba ya tambayar inda mai ba shi magani ta yi karatu.

An sami irin wannan sakamako a wajen Amurka ma. A ƙasar Norway, inda ake raba guraben jami'a ta hanyar maki a ƙarƙashin hukuma guda, masana Kirkeboen da Leuven da Mogstad sun kwatanta ɗaliban da suka tsallake makin shiga wani fanni da ƙyar da waɗanda suka rasa shi da ƙiris. A rahotonsu na shekarar 2016 sun nuna cewa fanni na yin babban tasiri a kan albashi, jami'ar da aka yi karatun kuwa tasirinta kaɗan ne. Kazalika ga ɗalibin da ya zo Amurka da bizar karatu, fanni kan shafi tsawon zamansa a bakin aiki: ƙa'idar da aka kafa a shekarar 2016 ta ba wanda ya karanta kimiyya ko fasaha ko injiniyanci ko lissafi damar yin aiki har watanni 36 bayan kammalawa, sauran fannoni kuwa watanni 12.

Duk da haka, zai zama babban kuskure uba ya ɗauki jadawalin albashi ya nuna wa yaro layin farko ya ce nan za ka. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin tun a gida mun saba jin cewa ɗa nagari likita ne ko lauya ko injiniya. Na farko dai, kasuwa ba ta da alkawari. A daidai lokacin da ake haɗa rahoton Georgetown, farashin gangar mai, wanda ya haura dala 100 a tsakiyar shekarar 2014, ya soma faɗuwa har ya sauko ƙasa da dala 30 a farkon shekarar 2016, kamfanonin mai suka sallami dubban ma'aikata, yaran da suka shiga fannin saboda albashi suka fito suka tarar kasuwa ta watse. Haka nan an shafe shekaru ana gaya wa matasa cewa ilimin kwamfuta shi ne tudun mun tsira, sai ga manyan kamfanonin fasaha sun sallami ma'aikata masu ɗimbin yawa a shekarun 2022 da 2023, kuma alƙaluman da reshen New York na babban bankin Amurka ya wallafa a shekarar 2025 sun nuna rashin aikin yi a tsakanin sababbin masu digirin kwamfuta ya kai kimanin kashi 6 daga cikin ɗari, abin da ya zarce na ma'aikatan jinya ƙwarai. David Deming da Kadeem Noray ma sun nuna a shekarar 2020 cewa fifikon albashin da masu fannonin fasaha ke farawa da shi yana raguwa cikin shekaru goma na farko, saboda abin da suka koya yana saurin tsufa.

Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci, alƙaluman albashi na waɗanda suka kammala ne. Binciken nan na Norway ya nuna cewa ɗalibai sun fi cin riba a fannin da ya dace da baiwarsu. Masu iya magana sun riga sun faɗa: kowa da kiwon da ya karɓe shi. Yaron da aka tura injiniyanci alhali shi da lissafi ba sa ga maciji, ba albashin injiniya zai samu ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne ya faɗi darussan shekarar farko, ya sauya fanni bayan an yi asarar kuɗi, ko ya bar makarantar gaba ɗaya. A Amurka kimanin ɗalibai 6 ne kawai daga cikin 10 ke kammala karatunsu cikin shekaru shida da farawa. Wanda ya fi kowa shiga uku a wannan tsari shi ne wanda ya ci bashi bai kuma fito da digiri ba.

Wannan ya kawo mu ga batun bashi. Jimlar bashin karatu da ke kan Amurkawa ta haura dala tiriliyan ɗaya da rabi. Bashi ne mai kuɗin ruwa, wanda hakan kaɗai ya isa ya sa gidan Musulmi ya yi dogon nazari, kuma yana daga cikin basussukan da kotu ba ta cika yafewa ba ko da mutum ya karye. Wani kason ma iyaye ne kan ci shi da sunansu, su tsufa suna biya. Abin lura kuma shi ne, tsakanin jami'o'in nan ƙalilan masu buɗe manyan ƙofofi da jami'o'in gwamnati masu sauƙin kuɗi, akwai ɗaruruwan jami'o'i masu tsadar na farko ba tare da tasirinsu ba. A nan ne yawancin iyalai kan yi wa rogo kallon kitse. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma dubu ba ta fid da shi.

Wanda ke shakkar abin da jami'ar gwamnati za ta iya yi, ya dubi Jami'ar Birnin New York, wadda aka fi sani da CUNY, mai rassa har a cikin Bronx. Wani nazarin da Chetty da abokan aikinsa suka fitar a shekarar 2017 ya nuna cewa 'ya'yan talakawan da wannan jami'a ta ɗaga zuwa sahun masu matsakaicin hali ko sama da haka sun ninka na waɗancan jami'o'i 12 a haɗe kusan sau shida. Colin Powell, ɗan wasu baƙi da suka zo daga Jamaika wanda ya tashi a kudancin Bronx, a reshenta na City College ya karanta ilimin duwatsu da ma'adinai, ya kammala a shekarar 1958, ya zo ya zama babban hafsan hafsoshin sojan Amurka, daga baya kuma sakataren harkokin waje.

Kada a ɗauka ina cewa yaranmu su guji manyan jami'o'in. Tun da bincike ya nuna cewa irinsu ne suka fi cin moriyar suna, duk yaron da makinsa ya kai ya kamata ya nema. Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, jami'o'in da suka fi kowa dukiya su ne sau tari mafiya araha ga talaka. Kuɗin shekara guda a Harvard ya haura dala 80,000 a rubuce, amma a watan Maris na shekarar 2025 jami'ar ta ba da sanarwar cewa ɗalibin da abin da iyayensa ke samu bai wuce dala 100,000 a shekara ba ba zai biya kome ba, har da abinci da masauki. Irin waɗannan jami'o'i kuma fiye da kashi 90 daga cikin ɗari na ɗalibansu kan kammala. Saboda haka in suna ya zo a kyauta ko da rahusa, a karɓe shi hannu biyu. In kuwa sai da bashin da zai danne gida, a bar shi. Ma'aikatar ilimi ta Amurka ta buɗe wani shafin intanet mai suna College Scorecard a shekarar 2015, inda ake iya ganin yawan masu kammalawa a kowace jami'a, da bashin da suke fita da shi, da albashin kowane fanni. Awa guda a kan wannan shafi tare da yaro ta fi wata guda ana sauraron ra'ayin majalisa.

Wani zai ce, ashe ilimi ya koma ciniki ke nan? Wannan ƙorafi yana da tushe. Al'ummar da kowa ya guje wa koyarwa da tarihi da harsuna saboda ƙarancin albashi za ta wayi gari ba mai karantar da 'ya'yanta, kuma mu da muke fafutukar kada jikokinmu su manta da Hausa mun fi kowa sanin haka. Malamar ƙananan yara da ke ƙasan jadawalin Georgetown ba ta gaza injiniyan mai daraja ba. Amma daidai saboda haka ne ya wajaba a yi lissafi. Mai sha'awar koyarwa da ya fito ba bashi zai iya tsayawa a aikin da yake ƙauna har ya yi ritaya. Wanda ya fito da bashin dala dubu ɗari kuwa, tilas ce za ta raba shi da allo da alli. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Dattijon nan ya koma gida ya yi tambayar da bai taɓa yi ba. Da muka sake haɗuwa ya ce mini yarinyar aikin jinya take so, tun lokacin da ta yi jinyar mahaifiyarta a asibiti take da wannan buri, ta yi shiru ne kawai don ta ga yadda idonsa ke haske in an ambaci sunan waccan jami'a. Na ce, "Alhaji, ai ta riga ta ba ka amsa." Ya yi murmushi ya ce, "To, mutanen gida fa?" Na ce da shi mutanen gida za su yi ta taya murna mako guda, takardar biyan bashi kuwa a kowane wata za ta riƙa zuwa, kuma da sunansa za ta zo.

Kafin ranar 1 ga watan Mayu ta zagayo, ya kamata kowane uba da kowace uwa su zauna da yaronsu su nemi amsar abin da yake so ya karanta kuma yake da ƙarfin kammalawa, sa'an nan su lissafa nawa za a biya bayan an cire tallafi. In an sami waɗannan amsoshi, sai a dubi sunan jami'a. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya sa ilimin da suke nema ya amfane su ya amfani al'umma.